Kankare, kwalta ko intalok: wanne za ku shimfiɗa wa titinku?

Tun da Injiniya David Umahi ya karɓi ma'aikatar ayyuka a watan Agustan 2023 ya ce shi fa kankare yake so, gardamar nan ta baro ofisoshin Abuja ta shigo har majalisar mai shayi. Titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 da kankare ake yinsa, na Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 wanda ya taso daga Illela bakin iyakar Nijar shima haka, ɓangaren Abuja zuwa Kaduna da aka karɓe daga hannun Julius Berger a ƙarshen 2024 aka ba wani kamfanin shima an juya shi zuwa kankare. Toh sai abin ya zama yayi, yanzu ko layin unguwa za a gyara sai kaji wani yace a yi kankare kawai a huta, wani yace ina, kwalta muka sani, na uku kuma yace duk ku bari a sa intalok yaranmu su samu aiki.

Ni mai son harkar titi ne, irin waɗanda in sun ga ana aiki sai sun faka sun tsaya kallo. Rubutun nan na masu zaɓi a hannu ne: ƙungiyar unguwa da ta haɗa kuɗi, mai gidan mai, mai kamfanin casar shinkafa da tireloli ke shigar masa, mai gina rukunin gidaje, kansila ko ciyaman da aka ce ya kawo titi ɗaya a sa a kasafi. Kafin a zo kan kayan, ga abubuwan da za a auna su da shi.

Ma'aunan

Na farko kuma babbansu shine nauyi, wato wace irin mota ce za ta riƙa bi. Yawan motoci ba shine abin dubawa ba, nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, shine magana. Tsakanin 1958 da 1960 Amurkawa sun yi wani gwaji a jihar Illinois, suka gina tituna iri-iri suka sa manyan motoci suna zagayawa a kai dare da rana har suka lalace, abinda ya fito shine ɓarnar da aksul ke yi wa titi tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki har hawa huɗu. Ma'ana in ka ninka nauyin aksul sau 2 ɓarnar ta ninku sau 16, in ka ninka sau 10 ta ninku sau 10,000. Kaga kenan tirelar siminti ɗaya da aka danƙara wa lodi ta fi ƙananan motocin unguwarku na wata guda illa. A Daidaita Sahu da babura kuwa titi bai ma san sun wuce ba.

Na biyu ruwa da irin ƙasar wurin. Jigawa mai yashi daban, fadama daban, baƙar lakar nan ta wajen Dikwa zuwa Gamborun Ngala da take kumbura da damina ta tsattsage da rani ita kuma daban. Sai kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne, na ranar gini da na kula da shi shekara goma ashirin masu zuwa, kuma ku tambayi kanku tsakani da Allah wa zai fitar da na biyun, don hukumar gyaran tituna ta FERMA titin tarayya take dubawa ba layin unguwa ba. Sai ma'aikata, akwai wanda ya iya aikin a kusa da ku ko sai an ɗauko daga nesa. Na ƙarshe me ke ƙarƙashin titin, bututun ruwa ne, wayar intanet ce, ko ba a ma kawo su ba tukuna, da kuma kwana nawa mutane za su iya haƙuri hanya na rufe.

Abu ɗaya da ya haɗa su duka: abinda muke gani a sama hula ce kawai. A ƙasa akwai ƙasar asali da aka daddanne, sai jar ƙasa, sai dakakken dutse, kowanne sai an jiƙa an bi da rola har ya ɗauku, ga lambatu da kwalbati a gefe. In wannan bai yi ba duk abinda aka ɗora a sama asara ce, kuma a tituna da yawa kuɗin wannan ɓangaren da magudanar ruwa yana cin kaso mai tsoka na kwangilar gaba ɗaya.

Kwalta

Ita muka sani. Tsakuwa da yashi da garin dutse ake dafawa da baƙin danƙon nan na man fetur, wanda bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na haɗin ba, a kawo shi da zafi wajen digiri 150 a cikin tifa, inji ya shimfiɗa rola ta bi. A manyan titunanmu an saba yin hawa biyu, na ƙasa santimita 6 na sama santimita 4. In ka lissafa titi mai faɗin mita 7.3 tsawon kilomita ɗaya a wannan kaurin, kana maganar haɗi wajen tan 1,700 da ɗoriya, danƙon da ke ciki kusan tan 90.

Wajen kuɗin farko yawanci ta fi kankare sauƙi, amma akwai wani abu, danƙon nan shigo da shi ake yi. Matatar Kaduna an gina ta da sashen yinsa amma kowa ya san halin da take ciki shekara da shekaru, wanda ke kwance a ƙasa a Ondo da maƙwabtanta kuma har yanzu ba a fara haƙo shi yadda zai wadatar ba. Saboda haka farashin kwalta yana bin dala ƙafa da ƙafa, da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024 kwangiloli da yawa sai da aka sake musu lissafi.

Daɗinta sauri. A shimfiɗa da safe, kafin la'asar ta huce motoci sun hau. Tafiya a kanta ba ƙara, farin layi yana fitowa raɗau da dare, in ta yi rami a yanke wurin a yi faci a wuce, in saman ya tsufa a kankare shi a ɗora sabo, har ma ana niƙa tsohuwar a sake amfani da ita kamar yadda aka yi a wasu sassan titin Kaduna zuwa Kano. Ana tsara ta ne ta yi shekara 15 zuwa 20, amma da sharaɗin za a sabunta saman wajen shekara ta 8 zuwa 12, kuma wannan sharaɗin ne ba ma cikawa.

Maƙiyanta uku ne, ruwa da zafi da gas. Danƙon da aka fi amfani da shi, mai lamba 60/70, yana fara laushi daga wajen digiri 50, a watan Afrilu kuwa in iska ta haura 40 a Sakkwato ko Maiduguri fuskar baƙin titi tana iya kai 60. Je ka duba duk inda tankoki ke tsayawa ko suke hawa tudu a hankali, za ka ga sawun taya biyu sun lotsa sun yi kwari, tsakiya ya tashi ya yi doro har ƙaramar mota na goga ciki, gefe kuma kwaltar ta tattaru ta yi tudu-tudu tana ƙyalli. Inda gas ke ɗiga daga injin kuma in ka sa tsinin takalmi sai kaga tsakuwar tana fita, don gas narkar da danƙon yake yi. Ruwa shi kuma ta 'yar tsaga yake shiga, ya jiƙa ƙasan, taya ta danna, rami ya buɗe, damina ɗaya ta ishe shi ya zama tafki.

Haɗarin aiki: nisa daga wurin dafawa. In tifa ta yi awanni a hanya haɗin ya huce, rola ba za ta iya danne shi ba, zai yi kyau a ido ranar buɗewa amma cikinsa duk iska ce. Sannan satar kauri a kwalta abu ne mai sauƙi, a rubuta santimita 5 a zuba 3, ba mai ganewa sai an huda.

Kwaltar feshi

Ƙanwar ta sama ce kuma mutane na raina ta ba bisa haƙƙi ba. Ba a dafa komai, a gyara ƙasa a danne, a fesa danƙo, a watsa tsakuwa, rola ta bi, a sake hawa na biyu da ƙananan tsakuwa. Tsofaffin titunan Arewa da yawa haka aka yi su, da yawa daga dogayen hanyoyin Nijar ma haka suke. Ita ce mafi arha a cikin huɗun da nisa, da kuɗin kilomita ɗaya na kankare za ka yi kilomitoci. Sai dai ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan, aikinta kawai hana ruwa shiga da hana ƙura, ƙarfin duk yana wurin jar ƙasa da dutsen da ke ƙasa. Shekara 5 zuwa 8 tana son a sake fesawa. Makonnin farko tsakuwa na fasa gilashi, kuma in tifofin yashi suka gano hanyar sai dai wani aikin ba wannan ba.

Kankare

Nan ne maganar take da tsawo. Bambancinsa da kwalta: shimfiɗa tabarma a kan yashi ka taka, ƙafarka za ta lotsa daidai inda ka taka, amma kwantar da ƙyauren ƙofa a kan yashin ka hau, nauyinka zai bazu ko'ina. Kwalta tabarma ce, kankare ƙyaure. Shi yasa yake jure tirela, zafi bai dame shi ba, gas ya zuba a kai a wanke kawai.

Ba sabon abu bane, a Amurka tun shekarun 1890 aka fara, manyan titunan Jamus na shekarun 1930 galibinsu kankare ne. A nan gida misalan da ake nunawa su ne titin Obajana zuwa Kabba a Kogi mai kilomita 43 da kamfanin Dangote ya yi, da titin bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa da wanda ya miƙe daga can zuwa Oshodi da Oworonshoki, wasunsu a ƙarƙashin tsarin nan na 2019 da kamfani zai gina titi a cire masa daga haraji. Ka lura da wuraren, duk inda manyan motoci suka kashe kwalta ne.

Iri biyu ne kuma ya kamata ku san wanne ake muku magana. Akwai mai gaɓa-gaɓa, wanda ake yanka shi duk bayan mita 4 zuwa 5 don in zai tsage ya tsage a inda aka yanka, a kowace gaɓa kuma a jera gajerun rodi masu santsi tazarar santimita 30 su riƙe wannan falan da wancan kar ɗaya ya nutse ya bar ɗaya. Sai mai rodi a miƙe tun daga farko har ƙarshe, irin wanda ma'aikatar ayyuka ke yi yanzu, shi ba a yanka masa gaɓa, ana barinsa ya yi 'yan siraran tsagu kamar gashi duk bayan mita ɗaya ko biyu, rodin ya matse su. Na faɗi wannan ne don mutane na ɗaukar hoton irin tsagun su yaɗa suce aiki ya lalace, alhali haka aka tsara shi. Tsagar da ya kamata ta tayar da hankali ita ce wadda za ka iya zura tsinken ashana, ko wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Kuɗi. Mu yi lissafin kilomita ɗaya, faɗi mita 7.3, kauri santimita 20. Kankare kubik mita 1,460 kenan, kowane kubik na titi yana cin buhu 7 zuwa 8, wato buhu dubu 10 zuwa kusan dubu 12. In mai rodi a miƙe ne ƙara rodi wajen tan 75, ban da na gicciye. Buhun da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, sai ka ɗauki farashin yau ka ninka da kanka. Masu goyon baya suna cewa ai simintin namu ne, ga Obajana ga Gboko ga Ashaka ga Kalambaina a Sakkwato, ba sai an nemi dala ba, kuma gaskiya ne. Amma kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar kusan duka, kuma duk wanda ya taɓa sayen siminti ya san dala na tashi shima yake tashi. Abinda na yarda da shi shine nisa, wanda ke kusa da masana'anta da wurin fasa dutse lissafinsa ya bambanta da na wanda sai an yi masa dakon komai kilomita 500.

Daɗewa kuwa ba gardama, ana tsara shi ya yi shekara 30 zuwa 40 ba wani babban gyara, ministan ma ya sha cewa zai kai 50. Zai iya, in an yi shi daidai. Wannan "in" ɗin ne matsalar, don kankare ba ya yafiya. Kwalta in an yi kuskure a yi faci, kankare in an yi kuskure sai an kawo injin fasa dutse.

Ga inda ake yin kuskuren. Ruwa ya yi yawa a kwaɓi saboda leburori sun fi son mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin bazawa, ƙarfin ya tafi. Yashi mai laka. Rashin girgiza shi da inji har iska ta fita. Jinkirin yanka gaɓa, wanda dole a yi cikin awanni bayan zubawa, yawanci kafin a cika kwana ɗaya, shi yasa a aikin ƙwarai za ka ga masu zarto sun fito tun asuba da fitila suna bin layin alli, ruwa na zuba a kan faifan, zurfin yankan rubu'in kaurin falan ko sulusi. Sai babban cikinsu, shayarwa. Kankare ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna, aƙalla kwana 7 yana lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko a fesa masa maganin riƙe danshi, cikakken ƙarfinsa kuma sai kwana 28. Da hunturu iskar nan mai bushewa tana zuƙe ruwan saman tun kafin ya kama, sai kaga fuskar ta yi zane-zane. A wata unguwa na ga an zuba falan da yamma, washegari da hantsi masu babur sun ture duwatsun da aka tare da su sun bi ta kai, sawun tayoyinsu na nan har yau, kuma ba a yi damina biyu ba saman ya fara zama gari, ɗan kwangilar yace laifin mutane ne mutane suka ce laifinsa ne da bai sa mai gadi ba.

Ko da an yi komai daidai, in ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashin falan, duk tirelar da ta wuce sai ya tsarto ta gaɓa da laka-laka, a hankali ƙasan ya zama kogo falan ya karye. Don haka masu cewa kankare baya tsoron ruwa rabin gaskiya suka faɗa, samansa baya tsoro, ƙasansa yana yi. A kan baƙar laka mai kumburi ma sai an kwashe ta ko an gauraya ta da siminti ko farar ƙasa, in ba haka ba ɗaga falan za ta yi.

Sauran ƙananan abubuwa: ya fi ƙara a kunne, in ba a ja masa tsintsiya ko an yi masa zane tun yana ɗanye ba yana santsi da ruwan sama, farin fenti baya fitowa sosai a kansa, amma da dare ya fi haske. Sai maganar bututu. Duk layin da ba a riga an kai masa ruwan famfo ba, ranar da za a kawo sai an fasa, kuma facin kankare da aka yi da shebur baya taɓa komawa daidai. In dai sai kun yi, ku binne bututan roba a gicciye duk bayan 'yan gidaje tun kafin a zuba, kuɗinsu kaɗan ne.

Intalok

Shima kankare ne amma gutsi-gutsi. Mutanen Holan ne suka yaɗa shi bayan yaƙin duniya na biyu, yanzu har tashoshin jiragen ruwa da ake jibge kwantena ana shimfiɗa shi, kenan ba kayan ado bane kawai kamar yadda wasu ke ɗauka. Legas ta cika layukanta da shi, lungunan cikin birnin Kano ma da yawa shi aka sa. Kauri shine magana: santimita 6 na masu tafiya a ƙasa da tsakar gida, 8 na motoci, 10 na manyan kaya. Mai girman santimita 20 da 10 guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya, kilomita ɗaya a faɗin da muka ɗauka guda 365,000 kenan.

Wajen kuɗi yana tsakiya, ya danganta da siminti da kuma inda aka buga shi. Abinda yafi burge ni da shi ba ya buƙatar manyan injuna, ƙaramin injin dannawa da igiya da gudumar roba da matasa masu ƙwazo sun isa, ana iya yin mita 100 bana a tsaya in kuɗi sun samu a ci gaba baɗi, kuma ana gamawa ake hawa. In bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar da su ɗin dai. A wurin da ƙasa ke motsi ma yana bi ya lanƙwasa maimakon ya karye.

Inda yake ba da kunya kusan kullum abu uku ne. Bulon da aka zuba a robar gwangwani da hannu a bakin titi, mai sheƙi mai kala, ba ɗaya yake da wanda injin matsewa ya buga ba, ɗauki guda biyu ka gwara su, mai kyau zai yi ƙara kamar ƙarfe, marar kyau zai yi dum ya zubo da gari. Na biyu rashin dutsen gefe da zai tokare shi, in babu sai ya fara bajewa daga baki. Na uku a zuba yashi mai kauri don a ɓoye rashin daidaiton ƙasa, alhali yashin ƙarƙashi bai kamata ya wuce santimita 3 zuwa 5 ba. A inda mota ke juyawa ko taka birki a jera shi a karkace irin saƙar ƙashin kifi, ya fi riƙe juna. Sannan ba na gudu bane, in aka wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa sai gargada da ƙara, wanda a cikin unguwa mai yara ni a wurina riba ce. Yana son a riƙa ƙara masa yashi a tsakani bayan damina da cire ciyawa, kuma eh, ana sace shi in wurin ba idon mutane.

| Abin aunawa | Kwalta | Kwaltar feshi | Kankare | Intalok |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | matsakaici zuwa sama, yana bin dala | mafi arha | yawanci mafi tsada | matsakaici |
| Daɗewa | shekara 15 zuwa 20 in an sabunta sama | 5 zuwa 8 kafin a sake feshi | 30 zuwa 40 | 20 ko fiye in bulon na inji ne |
| Manyan motoci | tana lotsawa inda suke tsayawa | ba ta jurewa | ya fi kowa | yana jurewa in mai kauri ne, a hankali |
| Buɗe hanya | ranar | ranar, a hankali | sati 2 zuwa 4 | nan take |
| Gyara | sauƙi amma sai an samo haɗi | sauƙi | wuya da tsada | mafi sauƙi |
| Babban haɗari | ruwa, gas, satar kauri | lodi | rashin iya aiki | bulo marar kyau, rashin dutsen gefe |

Toh wa zai ɗauki wanne

In wurin tsayawar manyan motoci ne, gidan mai, garejin tanka, ƙofar masana'anta, hanyar shiga kasuwar hatsi irin Dawanau, shataletale ko mahaɗar da tireloli ke cin birki, kankare, kuma kar a yi ƙasa da santimita 20. In kuɗin bai kai a yi duka ba a yi shi a daidai wuraren tsayawa da juyawa, ragowar a yi kwalta, ba wanda yace dole titi ya zama abu ɗaya daga farko har ƙarshe. Amma ku je ku ga aikin da ɗan kwangilar ya yi shekara uku da suka wuce da idonku, ba hoto ba, kuma a sa a takarda cewa za a ɗebi samfurin kwaɓin a kai gwaji. In ba ku samu irin wannan mutumin ba gara intalok mai santimita 10.

In layin unguwa ne ko cikin rukunin gidaje, musamman in kuɗin karo-karo ne kuma bututun ruwa bai gama zuwa ba, intalok mai santimita 8 na inji, da dutsen gefe da lambatu. Kankare a irin wannan wurin kashe kuɗi ne a kan nauyin da ba zai taɓa zuwa ba.

In babban titin cikin gari ne mai yawan ƙananan motoci da gudu, wanda ba za a iya rufe shi wata guda ba, kuma akwai wurin dafa kwalta a kusa, kwalta. Haka doguwar hanya tsakanin gari da gari da lodinta bai yi yawa ba.

In hanyar ƙauye ce da ake son fito da amfanin gona, motocinta Kanta da a-kori-kura da babura, kuma kilomita 20 ake buƙata ba 3 ba, kwaltar feshi hawa biyu a kan jar ƙasa mai kyau, a zuba rarar kuɗin a kwalbatoci, a daidai inda ruwa ke tsallake hanya kuma a yi falan kankare. In kuma kuɗin da ke hannu ba zai ishi sama da magudanar ruwa duka ba, a yi lambatun da burji mai doro a tsakiya bana, saman ya jira kasafin baɗi.